ALƘALAMI A LOKACIN ANNOBA: DARASI DAGA RAYUWAR MAGABATA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai saukar da cuta da maganinta, Mai jujjuya dare da rana. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani rukuni na jama'a da ba a cika tunawa da shi ba idan masifa ta sauka, wato masu riƙe da alƙalami. Idan muka ce marubuci, muna nufin liman mai tsara huɗuba, da alaramma mai rubuta Alƙur'ani da ka, da mai waƙar wa'azi da ajami, da malamin Islamiyya mai tsara darasi, da mai rubuta wa jama'a wasiƙa, har da matasanmu maza da mata masu rubuta labarai a wayar hannu. Aikin waɗannan duka yana bukatar natsuwar zuciya, ita kuwa natsuwa ita ce abin da annoba take fara ɗaukewa. To, yaya mai alƙalami zai yi idan tsoro ya shiga gari, aka rufe hanyoyi, al'amura suka juya? Za mu nemi amsa daga koyarwar addini da kuma rayuwar malaman da suka ga irin wannan kafin mu.

ABIN DA MUKA GANI

Babu wanda ya manta da shekarar 2020. A ranar 19 ga watan Maris aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Yamai. Hukuma ta rufe iyakoki da makarantu, ta hana taruwa a masallatai, kuma ba a sake buɗe wuraren ibada ba sai ranar 13 ga watan Mayu, bayan azumin Ramalana ya wuce rabi. Abin ya yi wa mutane nauyi har aka yi tarzoma a Mirya da Yamai. Aikin Hajjin shekarar kuwa, mutane kaɗan ne daga mazauna Saudiyya suka yi shi.

Mu mutanen Dawce da Matamaye da kewaye, matsin ya zo mana ta fuska biyu, domin tun watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakarta ta ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Hanyar Ɗan Barto zuwa Daura da Kano, wadda ta nan littattafai da takarda suke shigo mana, ta nan kuma ɗalibai suke tafiya neman ilmi, ta zama sai da wahala. Gwamnonin arewacin Nijeriya kuma suka shiga mayar da almajirai garuruwansu, tsangayu da yawa suka watse. A Kano, cikin watan Afrilu na 2020, an yi ta jana'izar dattawa da malaman jami'a da 'yan jarida a jere, wani lokaci kafin a gama zaman makokin wannan an sanar da rasuwar wancan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan korona a watan Mayu na 2023, amma kada wannan ya sa mu ɗauka darasin ya wuce. Dattawanmu suna tuna sanƙarau na 1995 da 1996. Sanƙarau ya sake ɓulla a jihar Damagaram a ƙarshen 2022, ya taɓa Dungas da Matamaye da Mirya da Magarya, sannan mashaƙo ya biyo baya a 2023. Annoba baƙuwa ce mai dawowa, shi ya sa ya kamata a yi mata shiri tun ana zaune lafiya.

DAMUWA BA RAUNIN IMANI BA CE

Abu na farko da ya wajaba mu gyara shi ne zaton da wasu suke yi cewa duk wanda ya ji ƙunci ko fargaba, to, imaninsa ne ya yi rauni. Wannan zato yana ƙara wa mai damuwa nauyi a kan nauyi, musamman malami, wanda jama'a suke ganin bai kamata a ga rauninsa ba.

Allah (S.W.T) Ya ba mu labari a Suratul Baƙara, aya ta 155, cewa zai jarraba mu da tsoro da yunwa da tawayar dukiya da rayuka da amfanin gona, sannan Ya yi bushara ga masu haƙuri. Ku lura, tsoro ne aka fara ambata. Annabi Yaƙubu (A.S) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma Suratu Yusuf ta nuna mana ya kai kukansa ga Ubangijinsa, ba a zarge shi a kan haka ba. Manzon Allah (S.A.W) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya kuma bayyana cewa wannan rahama ce, abin da aka hana shi ne harshe ya furta abin da Allah bai yarda da shi ba. Malaman tafsiri sun ambaci cewa wahayi ya taɓa jinkiri na wani lokaci, abin ya dame shi, sai Suratud Duha ta sauka tana lallashinsa.

Saboda haka, idan marubuci ya zauna gaban takarda, kurtun tawada na gefensa, ya kasa ɗiga ko harafi ɗaya saboda zullumi, kada ya yanke wa kansa hukuncin cewa baiwarsa ta ƙare ko Allah Ya yi fushi da shi. Rijiya takan ja baya da rani, ta dawo da damina.

MALAMAI UKU DA ANNOBA TA TAƁA

Na farko shi ne Ibnul Wardi, mai shahararriyar Lamiyya da ake karantawa a zaurukan ilmi na ƙasar Hausa. Yana zaune a birnin Halab na ƙasar Sham lokacin da babbar annobar ɗa'una ta shekarar 749 bayan Hijira (1348 zuwa 1349 Miladiyya) ta mamaye duniya. Ya rubuta risala yana bin sawun cutar daga ƙasa zuwa ƙasa har ta iso garinsu, ya siffanta halin da mutane suka shiga, ya haɗa da addu'o'in neman sauƙi. A wannan shekara ita kanta annobar ta ɗauke shi. Bai san zai kai ƙarshenta ko ba zai kai ba, amma ya rubuta abin da ya gani, kuma yau fiye da shekara 670 masana tarihi suna komawa ga shedarsa.

Na biyu shi ne Ibnu Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a shekarar 732 (1332). Wannan annoba ta same shi yana saurayi ɗan kimanin shekara 17, ta ɗauke mahaifinsa da mahaifiyarsa da da yawa daga malamansa. Shi bai yi rubutu a kanta nan take ba. Sai bayan shekara 30, a 779 (1377), yana keɓe a wani wuri da ake kira Ƙal'atu Ibni Salama a ƙasar Aljeriya ta yau, ya tsara Muƙaddima cikin wata 5. A ciki ya bayyana cewa annobar ta sauya duniya gaba ɗaya, ta rage al'ummu, ta raunana dauloli, har ya zama dole a sake rubuta tarihi bisa sabon halin da aka shiga. Wannan ya nuna mana cewa akwai rubutun da yake nuna da wuri, akwai kuma wanda sai ya daɗe a zuciya kamar iri a ƙasa.

Na uku, wanda ya kamata mu fi tsayawa a kansa, shi ne Alhafiz Ibnu Hajar Al'asƙalani, wanda aka haifa a Misira a 773 (1372), ya rasu a 852 (1449). Ya fara rubuta Fathul Bari, sharhin Sahihul Bukhari, a shekarar 817. Shekara 2 kacal da farawa, a 819, ɗa'una ta shiga Alƙahira ta ɗauke masa 'ya'ya mata 2, Fatima da Aliya. A 833 ta sake dawowa, ta ɗauke babbar 'yarsa Zainu Khatun, tana da juna biyu. Uba ɗaya, 'ya'ya 3, cuta ɗaya.

Me ya yi? Abu biyu. Na ɗaya, bai ajiye babban aikinsa ba. Ya ci gaba da Fathul Bari sannu a hankali har ya kammala a 842, wato shekara 25, kuma annobar biyu duk a tsakiyar aikin suka faɗo. Na biyu, ya fuskanci abin da ya cutar da shi da ilmi. Ya tattara hadisai da maganganun malamai da tarihin annobar da suka gabata a littafin da ya sa wa suna Bazlul Ma'un fi Fadliɗ Ɗa'un. Ya fara tara shi a 819, ya dakata, bai kammala ba sai a 833. Ku duba, 'yan'uwa, malami kamar Ibnu Hajar ya ajiye littafi shekara 14 kafin ya dawo kansa, wannan kuwa bai rage masa daraja ba.

A cikin littafin ya rubuta abin da ya gani ba tare da neman yardar kowa ba. Ya ba da labarin yadda a 833 aka umarci mutanen Alƙahira su yi azumin kwana 3, sannan su fita bayan gari su taru su yi addu'a kamar yadda ake yi a roƙon ruwa. Ya ce kafin fitar, masu mutuwa a rana ba su kai 40 ba, amma kafin wata ya cika sun haura 1,000. Shi ya soki taron ne ta fuskar cewa ba shi da asali daga magabata, masana lafiya na yau kuma suna ganin illar cunkoso a cikin labarin. Da bai rubuta adadin ba, da babu mai amfana da shi. Daga baya Imam Suyuɗi, wanda ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya taƙaita littafin ya yi masa ƙari.

A ƙasarmu ta Hausa ma muna da misali. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1793 zuwa 1864) ta ga rasuwar makusantanta ɗaya bayan ɗaya, ciki har da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837 da mijinta Waziri Giɗaɗo. Ta mayar da baƙin cikinta waƙoƙin ta'aziyya, tana lissafa kyawawan halayen mamatan domin na baya su yi koyi.

DARUSSAN DA ZA MU ƊAUKA

1. Riƙo da sababi tare da tawakkali. A zamanin annobar Amwas, wadda tarihi ya danganta ga shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar (R.A) ya nufi Sham, da ya isa Sargu aka sanar da shi cuta ta ɓarke. Ya yi shawara, ya yanke komawa Madina. Da Abu Ubaida (R.A) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu (R.A) ya zo da hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba take, ya kuma hana fita daga cikinta don gudu. Mai alƙalami ya kiyaye jikinsa, ya bi shawarar likita, ya kai iyalinsa rigakafi. Wanda ya yi abin da yake iyawa ya bar wa Allah saura, zuciyarsa ta fi samun sauƙi.

2. Kaɗan mai ɗorewa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (R.A) cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. A lokacin ƙunci kada marubuci ya ɗora wa kansa abin da ya saba yi da lafiya. Alaramman da ya saba rubuta shafi 4 a rana, ya yi 1. Mai waƙa ya yi baiti 2. A ware lokaci ɗaya sananne, kamar bayan sallar Asuba, kafin labaran rana su cika kunne. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda kuma ciwo ya kwantar, ya yi bushara da hadisin Abu Musa (R.A) a Bukhari, mai nuna cewa ana rubuta wa majinyaci da matafiyi ladan abin da suka saba yi.

3. Idan hanya ta toshe, a nemi wata. Ibnu Abbas (R.A) ya taɓa umartar ladaninsa a wata ranar Juma'a ta ruwan sama ya sanar da mutane su yi salla a gidajensu. Da wasu suka yi mamaki, ya gaya musu wanda ya fi shi ya aikata haka. Addininmu ya san hali yana sauyawa. Limamin da ba ya hawa mumbari yana iya rubuta nasiharsa a takarda a karanta a gidaje, ko ya naɗi murya a aika ta WhatsApp, ko ya kai ta gidan rediyo. Malamin da ɗalibansa suka watse, lokaci ne da zai tsara darussan da ya daɗe yana bayarwa da baki su zama littafi. Idan takarda ta yi tsada, allo da zuge da ƙaro suna nan.

4. A rubuta abin da aka gani. Ko da zuciya ta kasa ƙirƙira, hannu yana iya ajiye sheda. A sami littafi ɗaya a riƙa rubuta kwanan wata, da abin da ya auku a gari, da wanda ya rasu, da kuɗin tiyar hatsi, da yadda aka yi salla da jana'iza. Wannan yana sauke wa zuciya kaya, domin damuwar da aka zuba a takarda ta fi wadda ake juyawa a ƙirji sauƙin ɗauka. Kuma jikokinmu za su so sanin yadda Dawce ta kasance a 2020, ba kuwa mai gaya musu sai wanda ya rubuta.

5. A ceci ilmin dattawa. Lokacin da mahaddata da yawa suka yi shahada a yaƙin Yamama, Sayyidina Umar ya ba Sayyidina Abubakar (R.A) shawarar a tattara Alƙur'ani wuri ɗaya, aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabit (R.A) aikin, shi kuwa ya ji nauyinsa fiye da ɗaukar dutse, amma ya yi. Haka kuma Umar ɗan Abdul'aziz ya ba da umarnin rubuta hadisai don tsoron tafiyar malamai. Annoba takan ɗauke tsofaffi, kuma kowane dattijon malami da ya rasu yana tafiya da abin da ba ya cikin kowane littafi. Muna kira ga ɗalibai su zauna gaban dattawan garuruwanmu tun suna raye, su rubuta silsilar malamansu, da waƙoƙin da suka haddace, da tarihin masallatai. Tsofaffin takardun da ke cikin gafaka a kiyaye su daga gara da ruwa, a ɗauki hotonsu.

6. Jiki yana da hakki. Salmanul Farisi (R.A) ya hana Abud Darda'i (R.A) wuce iyaka wajen azumi da tsayuwar dare, ya tunatar da shi hakkin kansa da na iyalinsa, Manzon Allah (S.A.W) kuma ya gaskata Salmanu. A yi barci, a ci abinci, a je gona, a yi hira da iyali. A rage sauraron labaran mutuwa dare da rana, a ƙara karatun Alƙur'ani da zikirin safiya da maraice. Idan kuma damuwa ta kai mutum ya shafe makonni ba ya barci, ba ya cin abinci, ko tunanin cutar da kansa yana zo masa, to, ya gaya wa amintacce, a kai shi ga likita. Annabi (S.A.W) ya umarce mu da neman magani, ciwon zuciya kuwa ciwo ne kamar sauran. Mai ɓoye ciwonsa, ciwon ne zai tona shi.

AMANAR ALƘALAMI

A lokacin annoba jita-jita takan riga cutar isa gari. Mun ji waɗanda suka ce babu cutar sam, mun ji masu tallan maganin da ba a gwada ba, mun ga saƙonni da aka jingina wa Manzon Allah (S.A.W) alhali ƙarya ce. Allah Ya umarce mu da bincika labari a Suratul Hujurat, aya ta 6. A Suratun Nisa'i, aya ta 83, Ya zargi masu gaggawar yaɗa labarin aminci ko na tsoro maimakon su mayar da shi ga masanansa. Muslim kuma ya ruwaito cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci.

Wannan ya fi hawa kan mai alƙalami, domin jama'a suna ɗaukar rubutacce da muhimmanci fiye da maganar baka. Kalma ɗaya daga malami tana iya sa uwa ta kai ɗanta likita, tana kuma iya sa ta ɓoye shi a ɗaki har ya rasu. Don haka kada a yi rubutu cikin fushi ko firgita. Abin da aka rubuta da dare a bar shi ya kwana, a sake dubawa da safe, a nuna wa wani. Al'amarin cuta a tambayi likita, al'amarin hukunci a tambayi malamin fiƙihu. Magana zarar bunu ce, rubutu kuwa ya fi ta wuyar janyewa.

HAKKIN DA KE KAN JAMA'A

Ku kuma jama'ar masallaci, ku sani da yawa daga malamanmu da alarammominmu abincinsu yana tafe ne ta hanyar ɗalibai da tarurruka da rubutun da suke yi. Idan aka rufe waɗannan ƙofofi, kunya takan hana su roƙo. Ku leƙa su, ku tambayi halinsu. Mai hali ya ba da aikin rubuta Alƙur'ani ya biya da kyau, ya sayi takarda da tawada ya kai wa mai bukata, ya ɗauki nauyin buga littafin wani malami. Duk wanda ya taimaka ilmi ya wanzu, yana da rabo a ladansa.

KAMMALAWA

Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha (R.A) cewa wanda annoba ta samu a garinsu, ya zauna yana mai haƙuri da neman lada, yana sane da cewa babu abin da zai same shi sai abin da Allah Ya rubuta masa, to, yana da kwatankwacin ladan shahidi. Malamai sun fahimci cewa wannan lada yana tabbata ko da mutum bai mutu da cutar ba. Haƙurin mai alƙalami shi ne ya tsare gaskiya, ya tausaya wa kansa ranar da ya gaza, ya kuma koma ga takardarsa ranar da ya sami ƙarfi.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yaye wa masu ƙunci ƙuncinsu, Ya kare Dawce da ƙasarmu Nijar da sauran ƙasashen duniya daga annoba, Ya sa abin da hannayenmu suka rubuta ya zama hujja gare mu ranar gobe ƙiyama. Amin.